Shin gatse ma karin magana ne?

Ɗan Fada, Tawa: Jama'a, jiya da dare muna shan shayi gardama ta kaure, domin na tambayi abokina ko zai biya ni jika biyun da nake binsa, sai ya ce in jira kaza ta yi haƙori, aka bushe da dariya, wani ya ce ya yi karin magana. Ni na ce gatse ya yi mini. Mene ne ainihin ma'anar karin magana?

Malamin Makaranta, Yamai: Ɗan'uwa, a ganina karin nan shi ne na karin hula da karin guga, wato a naɗe doguwar magana ta koma 'yar ƙarama, sai mai hankali ya warware ta. Abokinka bai naɗe komai ba, ya dai hana ka kuɗinka cikin azanci.

Baƙonne: Malam, ban yarda ba. Ai akwai karin harshe, kamar yadda Adaranci ya bambanta da Kananci, saboda haka karin na murya ne, ba na tufa ba.

'Yar Adar: Ku dakata ku ji. A yunwar 1984, wadda tsofaffinmu ke kira El Buhari, kakata tana da wani ɗan ɗakin mijinta da ba ya wuce lokacin tuwo a gidan. Da rumbu ya yi ƙasa har aka koma auna hatsi da rabin tiya, sai ƙafarsa ta ɗauke. Bayan damina ta yi kyau ya dawo da sallamarsa, ita kuwa tana dama fura ba ta ko ɗaga kai ba, ta ce wa akuyarta: "Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare." Mutumin ya juya, bai ƙara taka zauren ba. To, karin magana ta yi ko habaici?

Malamin Makaranta: Hajiya, Allah ya jiƙan Inna. Karin magana ce a bakin kowa, amma da ta fuskanci akuya ta zama habaici, tunda kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Baƙonne: Wannan akuya ya kamata a ɗaure ta ƙofar masu zuwa da buhun sukari lokacin zaɓe, waɗanda ba a sake ganin ƙurar motarsu.

Ɗan Fada: Duk na ji, amma har yanzu ba wanda ya gaya mini sunan abin da aka yi mini, kuma jika biyuna suna hannunsa.