Bursuna ya maƙale, an ce in ba da na goro

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ɗaliba ce ni a jami'a, nan Tawa. Tun bara na kai takardun neman bursu, har yau sunana bai fito ba. Kuɗin rajista da na haya rance na karɓa wurin kawuna, jika 60, a kan zan biya in bursu ya sauka. Yanzu ko ƙofar shagonsa kunyar bi nake.

Jiya wani ma'aikaci ya ja ni gefe, wai in kawo jika 15 na goro ya tura takarduna Yamai da wuri. Raina bai kwanta ba, cin hanci ne, kuma haƙƙin wani zan shiga. Don Allah, wa zan kai wa kuka ba tare da an danne takarduna ba? Rasit ɗin ajiyar takarduna yana hannuna, ya isa hujja?