Wace kalma za mu ba VPN? Ni dai na tsaya kan "bututun sirri"

Jama'a, salamu alaikum. Kwana uku ke nan da na tambayi kalmar Hausa da za ta maye mana VPN, wato ƙullalliyar hanyar da ke haɗa na'urori ta cikin intanet, ga inda na kwana. Ba don ƙawa na tambaya ba, rashin kalmar ya kusa raba ni da aiki.

Wani Alhaji ne mai shagunan kayan masarufi biyu, ɗaya nan Sakkwato kusa da Tsohuwar Kasuwa, ɗaya a Illela. Yana son kwamfutar Illela ta riƙa ganin lissafin da ke kan ta nan. Na ce sai mun haɗa VPN. Yaron shago ya yi karaf ya ce, "Alhaji, ai ita ce ɓarauniyar hanyar nan." Alhaji ya gyara zama, ya dube ni ya ce, "Ɗana, ni ba ni ɗora dukiyata bisa hanyar ɓarayi." Sai da na yi kwana biyu ina lallashi.

Ban ga laifin yaron ba. Yawancinmu mun san VPN ne a watan Yunin 2021, da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter har zuwa Janairun 2022. Aikinta a lokacin tsallake shinge ne, sunan kuwa ya bi ta. Amma mai haɗa shagonsa da shagonsa shingen wa ya tsallake?

Wani malamin Hausa ya kawo "keɓantacciyar hanya". Malam, Allah Ya ƙara ilimi, ma'ana ta fita sarai, kuma a takarda zan yi amfani da ita. Sai dai ta yi wa baki nauyi idan kana waya da yaro yana tsugune bayan kanta da rauta, wato na'urar raba intanet, a hannu. Wani ɗan'uwa ya ce "rariya". A nan gida rariya titi ce, kowa na bi, mutumin Kano kuma abin tankaɗe zai ji, wanda aikinsa ke nan zubarwa. "Rami" ma an kawo, amma rami faɗa masa ake yi.

Abin da ya sa na riƙe bututu shi ne, kalmar da kanta tana koya wa yaro gyara. Bututu baki biyu gare shi, yana da faɗi, yana toshewa, yana bushewa. Duk matsalar da na ci karo da ita a aikin Illela tana cikin waɗannan.

Ga ɗaya: WireGuard, manhajar da na haɗa VPN ɗin da ita, na nuna ɓangarorin biyu sun gaisa, amma ko ɗigo ba ya wucewa. Ashe rautocin biyu duk adireshin da ya fara da 192.168.1 suke raba wa kwamfutocinsu, yadda suka zo daga kamfani. Kwamfutar Illela in ta nemi 192.168.1.10 sai ta ɗauka maƙwabciyarta ce ta cikin shago, ba ta ma tunkarar bakin bututun. Na mayar da Illela 192.168.20, na rubuta wa kowane baki adireshin da zai tura ɗaya gefen, sai ga ruwa.

Kafin nan ma na sha fama, don duka shagunan layin waya suke hawa intanet da shi. Adireshin da kamfanin layi ya ba rautar da 100.64 ya fara, wato adireshin haɗaka ne, ba mai iya ƙwanƙwasa maka daga waje ko ka buɗe ƙofa ta 51820 da WireGuard ke jira a kanta. Dole na yi hayar ƙaramar saba, wato kwamfutar da ke zaune a intanet, mai adireshin kanta, kowane shago ya miƙo bakinsa can suka haɗu.

Sai bushewa. In an ɗan jima ba a aika komai ba, na'urorin da ke tsakani su manta da hanyar. Maganinta a sa rautar ta riƙa sakin ɗan ɗigo duk daƙiƙa 25.

Wadda ta fi cin rai ita ce ta faɗi. Gwajin ping, ɗan ƙaramin saƙon da ake aikawa a ga ko hanya na aiki, na zuwa ya dawo lafiya, amma shafin lissafi ya buɗe rabi ya tsaya cik. Girman ƙunshin bayanai kan kai bayit 1500, bututu kuma yana cin nasa wurin da lulluɓin da yake yi, shi ya sa WireGuard kan tsaya a 1420. A layin nan ko hakan ya yi yawa, sai da na rage zuwa 1280. Da na ce wa yarona "kayan sun fi bututun faɗi", ban ƙara kalma ba ya gane.

Akwai wadda ta ce "sirri" zai sa a zaci rashin gaskiya. Hajiya, ai lambar sirri muke cewa a banki, ba wanda ya tsargu. Abin da ke bi ta ciki a ƙulle yake da mabuɗi, ko kamfanin layi ba ya karanta shi, to mene ne in ba sirri ba?

Gaisawar da na ambata kuwa, mun fara ce mata musafaha. Jiya bayan la'asar yaron ya kira ni daga Illela: "Maigida, an yi musafaha minti ɗaya da ya wuce, amma bututu bai zuba." Na ce ya karanto min adireshin rautar. An ɗauke wuta, wani ya danna mata maɓallin baya mai mayar da ita yadda ta zo daga kamfani, ta koma 192.168.1.