Abin da sufeto ke kamawa idan ya zo duba wurin aiki

Malam Habu: Salamu alaikum 'yan'uwa. Da an ji masu duba wuraren aiki na tafe, sai a cika sito da sabbin kayan kariya, alhali sufeto kan tsofaffin da ke jikin ma'aikata yake nufa. Zai kifa hular kwano ya karanta tambarin ranar da aka ƙera ta. Yawancin masu ƙerawa sun ce a sauya kwanon bayan shekara 5, ragar ciki kuma duk shekara. Hular da wani abu mai nauyi ya taɓa faɗo wa ta gama aiki, ko da ba a ga tsagewa ba. Kowa ya kawo tasa shawarar.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam Malam. Ni takunkumi ne ke damuna. Takunkumin N95 ƙura kawai yake tarewa, tururin fenti da tina (ruwan tsinka fenti) ratsa shi suke yi. Mai feshi sai takunkumin roba mai gwangwanin gawayi, a kuma rubuta ranar da aka buɗe gwangwanin a jikinsa, domin tun daga ranar yake fara shan iska yana mutuwa. Kafin aiki a toshe bakin gwangwanayen da tafin hannu a ja numfashi: idan robar ta lotsa ta manne a fuska, ya zauna daidai. Gemu yana hana shi kamawa, don haka mai gemu a nema masa irin mai rufe kai gaba ɗaya, wanda ƙaramar fanka ke tura wa iska.

Injiniya Bala: Gaskiyarki Hajiya. A ƙara da faifan yankan ƙarfe. A zoben tsakiyarsa akwai ranar da zai daina aiki, galibi shekara 3 daga ƙerawa, saboda ƙaron da ya haɗa shi yana lalacewa. Gudun da aka rubuta a faifan kada ya gaza na injin, in ba haka ba tarwatsewa zai yi. Masu cire murfin kariya don su saka babban faifai, wallahi da idonsu suke wasa. Safar hannu kuma ba a sa ta kusa da injin da ke juyawa, zare ɗaya ya kama sai ya ja hannun duka.

Malam Isa: Tukunyar kashe gobara a duba ta duk wata, allurar ma'auninta a kan kore, fil da hatiminsa na nan, a sa hannu a katin. Ta iskar kabon ba ta da allura, auna ta ake yi a sikeli. Kada a jibge kaya a gabanta.

Hajiya Rabi: Sai batun ƙarar sauti. Desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 85 na awa 8 ya wajabta abin toshe kunne. In sai ka ɗaga murya wanda ke tsaye taku ɗaya daga gare ka zai ji, a kawo na'urar awo.

Malam Habu: Madalla. Saura takardu: rajistar horo, littafin haɗurra, takardar bayanin kowane sinadari, da sa hannun wanda ya karɓi kaya. Sufeto zai ɗauki suna ɗaya daga rajista, ya je wurin mutumin ya tambaye shi abin da zai yi in sinadari ya fantsamar masa a ido. Amsar ita ce wanki da ruwa mai gudu na minti 15, sannan ya nuna inda famfon yake, a murɗa a ga ruwa ya zo.