Abin da 'yan'uwa suka ce kan hidima a ƙauyukanmu na Sumaila

1. Kusan kowa ya ambaci gayya. Matasan ikilisiya su nome wa gwauraye da tsofaffi gonarsu kafin ciyawa ta ci gero.

2. Watan Agusta rumbu ke ƙarewa. Zumuntar mata ta tara hatsi tun kaka, kowa tiya ɗaya, a kai da dare don kada mai karɓa ya ji kunya. Wannan ya taɓa ni ƙwarai.

3. Maƙwabta Musulmi: dubiya, gaisuwar rasuwa, aron garma, babu bambanci.

4. Inda aka rabu: wasu na son a haɗa taimako da wa'azi, wasu suka ce a bar aikin ya yi shaida, suna kawo Matiyu sura 25, inda Yesu ya yi maganar ciyar da masu yunwa da duba marasa lafiya.