Neman shawara: manhajata ta ce "waje" sunan ƙasa ne

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina ajin ƙarshe a sashen kimiyyar kwamfuta. Na haɗa wata 'yar manhaja da ke bin shafukan Hausa dare da rana tana tsinto bayanai da kanta. Na ba ta sunayen ƙasashe goma, na ce ta nemo sauran. Sati biyu tana aiki, jiya na buɗe jerin, sai ga "waje", "noma" da "nan" zaune daram a tsakanin Masar da Indiya. Jikina ya yi sanyi. In canza aikin ne tun da sauran lokaci?

Wani malami:
Wa alaikumus salam. Kada ka canza, ƙanena, manya ma sun taka wannan ƙayar. A Janairun 2010 Tom Mitchell da abokan aikinsa na Jami'ar Carnegie Mellon a Amurka suka kunna NELL, manhajar da aka tsara ta yi ta karatun intanet ba hutu. Da 'yan misalai aka fara ta a kowane rukuni, kamar yadda ka yi. Ana nan sai ta jefa kukis na intanet ('yan bayanan da shafuka ke ajiyewa a na'urar mai ziyara) cikin rukunin abincin da ake gasawa, don ta san kalmar a matsayin biskit. Da ta ga ana goge kukis, ana kuma goge fayil, sai fayil ɗin kwamfuta ma ya zama abin ci. Kuskure ɗaya ya haifi 'ya'ya, domin abin da ta koya yau da shi take karatun gobe. Taka manhajar ta ga "ƙasar Masar", ta ɗauka duk abin da ya biyo bayan "ƙasar" suna ne. Ina ruwanta da ƙasar noma?

Wata 'yar uwa:
Malam ya gama magana. Dabarar NELL ita ce koyon rukunoni da yawa lokaci guda, suna taka wa juna birki: abin da ya zama birni ba zai zama mutum ba. Ƙara rukunoni. Kuma kada ta karɓi suna sai ya fito a salon jimla uku ko huɗu mabambanta.

Wani ɗan uwa:
Ni inda nake tsoro daban ne. Shafukan Hausa ba su da yawa, kuma kwafar juna ake yi. Labari ɗaya a shafi ashirin, manhajarka za ta lissafa shaidu ashirin. Ka tace maimaici tukuna. Sannan ka riƙa gwada sakamakonka da Wikidata, rumbun bayanai na intanet da aka buɗe a 2012, tunda mutane ke duba ta.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Malam, to in goge jerin in sake daga farko?

Malamin:
A'a, adana shi. Waɗannan kurakuran su ne babi na huɗu na aikinka. Ka dai ware minti goma kullum kana cire shirme da hannu, masu NELL ma sai da suka koma yin haka.