Tura bayanai daga shafi zuwa shafi a manhajar Android: manhaja tana rufewa

Sabon_maƙeri:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Manhajar Android ce da Kotlin. Shafin farko jerin kaya ne, kowanne da sunansa da hotonsa. Idan aka danna ɗaya, ana cusa shi dungurungum cikin Intent (saƙon da ake buɗe wani shafi da shi) da putExtra, a buɗe shafi na biyu. Ƙananan hotuna suna wucewa lafiya, amma da an zo kan babba sai manhajar ta rufe, ta nuna TransactionTooLargeException. Ina gyaran yake?

Mai_lambobi:
Wa alaikumus salam. Hoton ne ya yi wa Intent nauyi. Duk abin da ka saka a ciki ta Binder (hanyar da Android ke isar da saƙonni tsakanin manhaja da tsarin waya) yake bi, kuma wurin da aka ware masa megabait 1 ne kacal, wanda ma duk saƙonnin manhajar da ke kan hanya a lokacin suke rabawa. Kada girman fayil ɗin ya ruɗe ka. Hoto mai ɗigo 1000 a tsaye, 1000 a kwance, idan ya zama Bitmap, wato an buɗe shi ɗigo-ɗigo a ƙwaƙwalwar waya, kowane ɗigo bait 4 yake ci, kusan megabait 4 ke nan, komai ƙanƙantar JPEG ɗin.

Lambar kayan (ID ɗinsu a rumbun bayanai) kaɗai za ka tura. Shafi na biyu ya karɓe ta da getLongExtra, ya je Room, rumbun bayanan manhajar, ya ɗauko sauran da kansa. Hoto kuwa Uri ɗinsa, wato adireshin inda yake, ya isa. Akwai ƙarin riba: idan an gyara kayan a rumbun bayanai, shafi na biyu ba zai riƙa nuna tsohon kwafi ba.

Ƴar_Kotlin:
Idan shafukan Fragment ne (ƙananan shafuka) cikin Activity (babban shafi) ɗaya, ba sai an je ga Intent ba. Su haɗu a kan ViewModel (ma'ajiyar bayanan shafi) guda ta activityViewModels: na farko ya ajiye, na biyu ya karanta.

Mai_lambobi:
Gaskiya ne Malama, amma da sharaɗi. ViewModel yana jure juya waya, ba ya jure kisa. Idan mai waya ya fita zuwa wata manhajar, Android kan kashe taka don samun wuri. Da ya dawo sai a buɗe masa shafi na biyu kai tsaye, ViewModel kuwa fayau. Saboda haka lambar ta zauna a SavedStateHandle, ma'ajiyar da Android ke maidowa bayan kisa. Masu zuba komai cikin object na gama-gari ma nan suke faɗawa, kuma da wuya a gani lokacin gwaji. A gwada haka: tura manhajar baya, buga adb shell am kill da sunan ƙunshinta (package name), sannan a sake buɗe ta daga jerin na kwanan nan.

Sabon_maƙeri:
Na gode Malam. To idan shafi na biyu ne zai maido amsa fa?

Ƴar_Kotlin:
An daina ba da shawarar startActivityForResult, yi amfani da registerForActivityResult. Yi rajistar a onCreate ko a saman ajin. Idan ka bari sai cikin danna maɓalli, IllegalStateException za ka samu, domin Activity ya riga ya tashi. Shafi na biyu ya kira setResult kafin finish. Ka kuma duba RESULT_OK tukuna, don wanda ya danna baya babu abin da zai dawo da shi.