Ta yaya zan gane makanike ya yi min juye da gaske?

Mai_Corolla:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah masu sanin mota ku taimaka min. Ranar Asabar na kai Corolla ta ƙirar 2006 gareji a yi mata sabis, juyen baƙin mai da canjin filta da fulogi, na kuma ce a duba birkin gaba don yana ƙara. Ban tsaya ba saboda ina da ɗaurin aure, na bar kuɗi na tafi, da la'asar na dawo aka ce an gama komai. To jiya da safe na zaro geji, wato ƙarfen duba baƙin mai, na goga a farin tishu sai na ga man ya yi duhu kamar shayin da ya ji ganye, alhali ko Zariya ban je ba, daga gida sai kasuwa. Wallahi raina bai kwanta ba amma ina tsoron ɗaukar alhakin mutum, shekara biyu yana min aiki ban taɓa kama shi da komai ba. Ta ina zan gane?

Direban_Haya:
Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Injin fetur ne ai, sabon mai kalar zuma yake kuma ba ya rikiɗewa cikin kwana biyu, na dizal ne ke baƙi nan da nan. Amma bar zancen kala tukuna, ajiye motar a daidaitaccen waje ka bari injin ya huce, ka haska ƙasanta da fitilar waya ka dubi filta, ta wannan Corollar gwangwani ce da ake murzawa ana ganinta. Sabuwa fes take har rubutun jikinta ana karantawa, tsohuwa kuwa ƙura da maiƙo sun daskare mata. Ka duba notin da ake kwancewa mai ya zuba, in an taɓa shi za ka ga sawun sifana da wajen a goge. Birki kuma ka leƙa ta tsakanin rim, sabon fad ɗin birki da kaurinsa kusan milimita 10, wanda ya cinye kuwa siriri ne kamar kwali.

Tsohon_Kanike:
Alhaji ni shekaruna a gareji suka ƙare, bari in faɗa maka gaskiya ta ɓangare biyu. Akwai injin da ya tara datti a ciki saboda an daɗe ana jinkirta juye ko ana zuba masa man awo na bakin titi, irin wannan ko ka zuba sabo zai wanko dattin ya yi duhu da wuri, haka in an juye mai amma aka bar tsohuwar filta, ragowar da ke cikinta yana ɓata sabon. Don haka duhun mai kaɗai ba hujja ba ne. Amma fa ana yin abin da kake tsoro, kuma sau da yawa ma ba ogan ba ne, yaran gareji ne, a ba yaro galan ya zuba rabi ya ɓoye rabi, ko a wanke tsofaffin fulogi da fetur a kankare su a mayar. Motarka kusan lita 4 take sha, in galan mai lita 4 aka sayo ɗan kaɗan ne zai rage, ka tambaya ina ragowar. Ka koma cikin mutunci ka ce Oga ina tsofaffin kayan da aka cire, filta da fulogi huɗu da fad, mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambayar, ni da kaina nake ƙulle su a leda in saka wa mai mota a but.

Maman_Yara:
Ni tunda aka taɓa min haka na daina ba da kuɗi, ƙanina nake aika kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ya sayo mai da filta, a buɗe sil a gabana, in an gama in sa a huda galan ɗin don kar a sake ɗura wani abu a ciki a sayar wa wani. Ranar da ba zan iya tsayawa ba jan farce nake ɗigawa a jikin tsohuwar filta, in na dawo na ga ɗigon yana nan shikenan magana ta ƙare. Kuma ina rubuta lambar mitar da ke ƙirga tafiyar mota da kwanan wata a ɗan littafi.

Mai_Corolla:
Allah ya saka muku da alheri. Na shiga ƙarƙashinta yanzu, notin da alama an kwance shi, fad ɗin gaba ma sababbi ne, amma filta kam tsohuwa ce, ƙura ta rufe rubutun har sai da na sa tsumma na goge, kuma na biya kuɗin sabuwa. Gobe in Allah ya kai mu zan je in same shi shi kaɗai ba a gaban yaransa ba, in ce a kwance fulogin ma in gani da idona. Baba Tsohon Kanike, in an sa sabuwar filta yanzu sai an sake juye man gaba ɗaya ko ciko kawai za a yi?